Layar Kakana a Gindin Bindiga

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili naku, kuma duk sanda wani ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da ya same shi, sai in ji kamar ni ake jira. Yau dai na ɗauki alƙalami. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna karanta mujallar nan.

A tsakiyar shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan Fagge wanda karatu ya kai London, karatun ya ƙare ni kuma ban koma ba. Na samu aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a Aldwych, ina jera littattafai ina buga musu hatimi. Mutum ne ni mai mafarki ido biyu. Ƙanwata takan aiko min da 'yan littattafan soyayya na kasuwa ta hannun duk wanda zai taho, ni kuma in hau saman bas in zauna can gaba in ta karantawa har in wuce inda zan sauka. A cikin littattafan nan duk abin da ya ɓace a shafin farko sai ya dawo a shafin ƙarshe, zobe ne ko wasiƙa ko masoyi. Na ɗauka haka duniya take, kuma da zuciya ɗaya na ɗauka.

Akwai labari ɗaya da na taso da shi wanda ya fi min na kowane littafi daɗi. Kakana na wajen uba ya yi yaƙin Bama, a lokacin yaƙin duniya na biyu. Yakan tara mu a zaure ya ce ranar da jirgin ƙasa zai tashi da su daga Kano, kakarmu tana amarya ko lalle bai gama fita daga hannunta ba, ta aiko masa da laya wadda malamin gidansu ya rubuta. Ya ce a dajin can ruwa ba ya ɗaukewa, har fatar layar ta ruɓe, sai ya zare takardar yadda take a naɗe da baƙin zare, ya sa ta a gindin bindigarsa. Irin bindigar nan da tsofaffin sojoji ke kira mak-fo tana da 'yar ƙofa ta tagulla a gindinta, inda ake ajiye kwalbar mai da igiyar goge bututu. Ya ce da aka gama yaƙi aka karɓe bindigogi a bakin jirgin ruwa cikin gaggawa, bai samu ya ciro ta ba, Turawa suka tafi da amanar amaryarsa. Idan ya kai nan yakan kalli ƙofar cikin gida. Ya rasu ina aji uku na sakandare.

Wata Asabar ina yawo a wata 'yar kasuwar tsofaffin kaya sai na ga shagon da ke sayar da kayan soja, hula da kwat da gora. A jikin bango an jingina irin bindigar kakana guda wajen ashirin, kamar an jera tabare. Mai shagon ya ce gwamnati ce ke kwashe su daga rumbunanta tana sayarwa, an kashe su, wato an toshe bakin da walda an cire abin da ke bugun harsashi, don haka ba a buƙatar lasisi. Kuɗin ɗaya bai kai na kwat ɗin sanyin da ke jikina ba. Na ɗauki guda na juya ta, na ga 'yar ƙofar tagulla. Na sa farce na buɗe. Babu komai sai ƙamshin tsohon mai. Na buɗe ta biyu, na buɗe ta uku, har na gama da su duka mai shagon yana kallona. Kunya ta sa na sayi ɗaya. A hanyar gida nake ce wa kaina, bindigar kakana ai nan ƙasar aka kawo ta, tana wani rumbu ko wani bango tana jirana.

A shekarar ne na haɗu da wadda ta zama matata, a shagon littattafai da ke masallacin Regent's Park bayan sallar Juma'a. 'Yar Zariya ce, tana aikin nas a babban asibitin Camberwell. Na yi ta rubuta mata wasiƙu masu shafi shida ina kiranta hasken idanuna, ita kuma ta ba ni amsa da layi uku ta tambaye ni ko na ci abinci. Da na ba ta labarin layar ta yi ƙwalla, shi ya sa na san na samu mata. Amma ranar da ta tare a flat ɗin da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu ta ga bindigogi huɗu a bango, sai ta zaunar da ni. Ta ce ita ta ga abin da harsashi ke yi wa cikin mutum da idonta, ta wanke shi da hannunta. Ta ce waɗannan matattun ta yarda da su tunda ƙarfe ne da itace kawai, amma bindiga mai rai ba za ta kwana rufi ɗaya da ita ba, balle da 'ya'yanta, ranar da ta shigo ranar ita za ta fita. Na rantse mata da Allah. Da gaske kuma nake a lokacin.

Shekaru suka yi ta tafiya, aka haifa mana 'ya mace, wadda za ka yi mata Hausa ta ba ka amsa da Turanci. Ni kuwa kusan kowace Lahadi ina kan tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko jirgin ƙasa zuwa kasuwar baje kolin kayan soja, irin wadda ake ci a manyan zauruka a bayan gari. Duk dillalan suka san ni. Ni ne baƙin fatar da ke buɗe gindin bindiga ya leƙa ya rufe. Kasuwar ta yi ta canjawa a idona. A ƙarshen tamanin aka tsananta doka, wasu irin bindigogin suka ɓace daga tebura gaba ɗaya, matattun kuma aka ce sai da tambari da takardar shaida. Bayan haka, da ƙasashen gabas suka wargaje, sai na Rasha suka cika ko'ina, arha kamar a ba ka kyauta, amma ni ba su nake nema ba. Irin ta kakana kuwa sai ta fara wuya. Rumbunan gwamnati sun ƙare, Amurkawa suna kwasa jirgi-jirgi, wadda na saya da kuɗin kwat ta koma sai da albashin mako biyu. Duk lokacin da na ga tebur ya ragu sai hankalina ya tashi, in ce wataƙila tawa tana cikin waɗanda aka ƙetara da su teku. Bangon falonmu ya kai guda goma sha ɗaya. Matata takan ce idan ɓarawo ya shigo shi zai ba mu haƙuri.

Babban kuskurena shi ne bakina. Duk wanda ya tambaye ni abin da nake nema sai in zayyana masa labarin tun daga tashar Kano har bakin jirgin ruwa. Akwai wani dillali Bature mai furfurar gashin baki, mai fara'a, wanda yakan saya min shayi ya ce in sake ba shi. Ya tambaye ni yadda layar take, na kwatanta masa, 'yar takarda da rubutun Larabci a naɗe da baƙin zare. Ya tambaye ni abin da aka rubuta a ciki, na yi dariya na ce ai mu a wajenmu ba a buɗe laya, kakata takan ce wanda ya buɗe ta ya lalata ta. Ya gyaɗa kai ya ce al'ada ce mai kyau. Ni da kaina na koya masa yadda zai cuce ni.

Bayan kamar wata biyu, a wata kasuwa, ya ja ni gefe ya ce in biyo shi wajen ajiye motoci. Ya buɗe bayan motarsa ya yaye bargo. Ya ce daga gidan wani tsohon hafsa da ya mutu aka fito da ita, shi bai taɓa komai ba, ni in buɗe da hannuna. Na buɗe 'yar ƙofar. Edita, ga ta nan. Takarda ta yi ja don tsufa, an naɗe ta da baƙin zare, ta gefe kana hango kan haruffan Larabci. Na zauna a gefen motar ina hawaye a gaban mutumin nan. Sai ya sassauta murya ya ce matsala ɗaya ce, wannan ba a kashe ta ba, kuma ba ta da takarda ko ɗaya, idan aka kai ta inda ake kashewa za a tambayi daga ina ta fito. Na ce ya sayar min da layar kaɗai. Ya ce ba ya raba su, kuma akwai wani Ba'amurke da ke son ta gobe. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na kasuwa sau da yawa. Na tuna rantsuwata sarai. Na tuna ta ina ba shi kuɗin, na tuna ta ina shigar da bindigar cikin jakar kamun kifi da ya ba ni. Sai na ce wa kaina ai wannan ba bindiga ba ce kamar sauran, amanar kakata ce.

Na ɓoye ta a saman kabad ɗin kayanmu ƙarƙashin barguna, a ɗakin da muke kwana. Na zaci zan yi farin ciki. Wata bakwai ban san daɗin abinci ba. Idan aka buga ƙofa sai na leƙa ta taga kafin in buɗe, ko da mai kawo wasiƙa ne. Na san idan aka same ni da ita gidan yari ne, daga nan a mayar da ni gida ba 'yata ba matata. Na kuma san ko 'yan sanda ba su sani ba, ranar da matata ta ɗaga bargon nan aurena ya ƙare. Duk sanda ta ce za ta yi gyaran ɗaki sai in yi tsalle in ce ta huta ni zan yi, har ta fara tsokanata wai London ta gyara Bakano. Ana cikin haka aka yi wani mummunan abu da bindiga a wata makarantar yara can arewacin ƙasar. Ranar matata ta rungume 'yarmu tana kuka, ta ɗaga kai ta kalli bangon falo ta ce ta gode wa Allah da namu matattu ne. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa don kada ta ga fuskata.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare, ɗan zangon Kumasi, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Kowa Baba yake ce masa. Shi ma ya yi yaƙin Bama yana saurayi, a rundunar ƙasarsu, kuma duk Juma'a yakan zo gidanmu ya ci tuwo, yana kiran matata 'yata amma yana ce mata shi, yadda Hausar zango take. Da abin ya ishe ni, wata rana da hantsi matata tana wajen aiki, na kira shi na sauko da bindigar. Ya karɓe ta kamar jiya ya ajiye, ya ja ƙarfenta baya, ya ɗaga bututun ya hangi hasken taga ta ciki, ya ce min wannan ai yana numfashi, yaro. Na nuna masa layar. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya shinshina, ya ce shi dai ƙamshin shayi yake ji. Ya ce zai buɗe. Na riƙe hannunsa na ce Baba ba a buɗewa. Ya ce shi ya haura saba'in, duk abin da zai fito daga ciki ya fito kansa. Ya warware zaren, ya sa tabarau, ya yi ta kallo, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya ce lalle malamin kakarka babban likita ne, kuma yana da injin buga takarda a zaure. Wai cokali biyu bayan cin abinci. Takardar cikin kwalin maganin ƙwannafi ce, irin wadda ake bugawa da harsuna da yawa, aka yanke ɓangaren Larabcin aka jiƙa da shayi.

Sannan ya daina dariya. Ya nuna min shekarar ƙira da aka buga a jikin ƙarfen bindigar, bayan gama yaƙin ne da shekaru. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na iya karanta irin tambarin nan fiye da Baba, shekara goma ina karanta su. A wannan kaɗai na ƙi dubawa, don ba na son in sani.

A kwanakin gwamnati ta ba da sanarwar afuwa, duk mai bindigar da ba ta da lasisi ya kai ofishin 'yan sanda cikin wa'adin da aka ɗiba ba za a tuhume shi ba. Na roƙi Baba ya raka ni mu kai a ɓoye, shi ke nan magana ta mutu. Ya ƙi. Ya ce ba zai zauna ya ci tuwon 'yarsa yana riƙe da abin da aka ɓoye mata ba, ko in faɗa mata kafin Juma'a ko ya daina zuwa gidan, kuma idan ta tambaye shi dalili ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba.

Na faɗa mata da safe, muna karin kumallo. Duk kalmomin da na koya a littattafai babu wadda ta zo min. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni abu ɗaya, wata nawa. Na ce bakwai. Ta ce wato wata bakwai tana kwantar da 'yarta a gadonmu idan tana zazzaɓi, abin nan yana saman kansu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta shirya yarinyar ta kai ta makaranta, daga nan ba su dawo ba, suka wuce gidan wata 'yar uwarta a Peckham. Kwana biyu ina zaune a falo ni da ƙarafa goma sha ɗaya, na rubuta wasiƙa mai shafi shida na yaga ta. Daga ƙarshe na aika mata da layi ɗaya ta hannun Baba, na ce na karya alkawari kuma ba ni da hujja.

Rana ta uku da safe aka buga ƙofa. Ita ce, sanye da fararen kayanta na nas, Baba yana bayanta cikin babbar riga, ya maƙala lambobinsa na yaƙi a ƙirji. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce ta riga ta yi waya ofishin 'yan sanda ta yi booking, an ce mu zo ƙarfe goma. Ta ce ba don ta huce ta zo ba, ta zo ne don ta san baƙin fata shi kaɗai da dogon ƙunshi a titin Camberwell ba lalle ya kai inda za shi ba, ita kuma ba ta shirya zama bazawara saboda maganin ƙwannafi ba. Ta buɗe akwatinta ta ciro wani zanen atamfa daga cikin lefen da na yi mata, ta ce in naɗe ta da shi. Haka muka fita, ni a tsakiya da ƙunshi a kafaɗa, nas a dama, tsohon soja a hagu yana tafiya ƙirji a gaba kamar ana fareti. Sajan ɗin da muka tarar a ofishin ya kalli lambobin Baba ya miƙe tsaye. Ya karɓi bindigar, ya duba cikinta, ya rubuta wani abu, ya jefa ta cikin wani babban akwatin ƙarfe kan 'yan uwanta. Bai tambaye ni komai ba. Ya ninke zanen da kyau ya miƙa wa matata ya ce kyakkyawa ne. A bakin ƙofa na ji iska ta shiga ƙirjina irin wadda na manta da ita. Matata ta miƙo min zanen ta ce in riƙe, wanki da guga suna kaina, sannan in je in ɗauko 'yarmu daga makaranta don yau a gida za su kwana.

Ba a rana ɗaya ta yafe ba, an kai wata shida kafin ta sake tsokanata. Ni na ce zan sayar da na bango duka. Da yake an sake tsananta ƙa'idar kashe su, irin nawa na tsohon tsari suka yi daraja sosai, masu nema suna rububi. Da kuɗinsu muka je gida mu uku, karo na farko da 'yata ta taka ƙasar Kano.

A Fagge na zauna gaban Goggo, ƙanwar mahaifina, na ba ta labarin duka ina sunkuyar da kai. Ta yi dariya har ta riƙe ciki tana kiran matan gida su zo su ji ɗan London. Ta ce ashe kai ba ka san kakanka ba. Ta ce layar nan a zamaninsu kifi ne ya haɗiye ta a teku, a zamanin yayyensu kuma wani Bajafane ne ya sace ta, mu ne aka ba ta gindin bindiga. Wai kakana yana faɗa ne da ƙarfi don kakarmu ta jiyo daga cikin gida ta leƙo ta ce masa maƙaryaci, shi kuma abin da yake so ke nan. Shi ya sa yake kallon ƙofa. Goggo ta tashi ta jawo tsohuwar adakar kakata daga ƙarƙashin gado, ta tona ƙasan zannuwa ta ciro layar. Tana cikin fatarta ta asali, ja ce da ta koma baƙa don gumi, ɗinkin baduku bai ko motsa ba. Da ita ya tafi a dantsensa, da ita ya dawo, ya mayar wa mai ita ranar da ya sauka. Goggo ta sa min ita a hannu ta ce da na tambaya tun farko da kuɗin kan sarkin wasiƙa kawai zan kashe.

Ban kawo maganar laya don in ce wa kowa ya rataya ba, wannan na bar wa malamai. Ni dai na ajiye ta ne don hannun mutum biyu da suka so juna ya taɓa ta. Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman 'yan uwa da ke zaune a ƙasashen mutane, shi ne dokar makami ba ta sauraron labari komai daɗinsa, kada sha'awar tara kayan tarihi ta sa ka karɓi abin da ba shi da takarda, ko an ce gobe babu irinsa. Kada kuma ka kwance wa ɗan kasuwa abin da zuciyarka ta fi so, don zai ɗinka maka shi daidai jikinka. Sannan idan ka yi wa iyalinka alkawari, ranar da ka ji kana neman hujjar da za ta ware wannan karon daga sauran, ka tsaya nan ka je ka faɗa musu. Tsofaffin gidanku kuwa ku tambaye su tun suna nan.

Baba ya rasu bayan shekara uku, Allah ya jiƙansa, amma kafin nan na cika kaset tara da muryarsa, 'yata tana gefe tana yi masa tambaya da Turanci yana ba ta amsa da Hausar zango. Bangon falonmu yanzu hotuna ne. Layar tana saman kabad ɗin nan, a naɗe cikin zanen atamfar, kuma ban taɓa buɗe ta ba. Idan na ci tuwo na ƙoshi na jingina, har yau matata takan leƙo daga kicin ta tambaye ni ko a kawo min cokali biyun.